Kafin ka yarda cewa kanel ya rage gudu, fara auna ma'auninka

Wani yaro da nake koya wa aikin Linux a nan Maradi ya shigo mini da yamma yana washe baki, wai ya kama kanel, wato zuciyar Linux mai tafiyar da sassan kwamfuta, da laifi. Ya rubuta ɗan shiri mai auna gudun kanel shi kaɗai, shirin kuwa ya ce masa sabon kanel ya fi tsohon nauyin jiki. Har ya soma tsara takardar ƙorafi da Ingilishi. Na ce, "Ƙanena, da wane lokaci ka auna tsohon?" Ya ce, "Bayan asuba, Malam." Na ce, "Sabon fa?" Ya ce bayan azahar, da ya gama haɗa shi, wato mayar da rubutunsa shirin da na'ura ke gudanarwa. Watan Afrilu ne, ɗakin rufin kwano, babu kilim sai fanka guda mai juya iskar zafi. Na ce gobe ya juya abin, sabon da asuba, tsohon da azahar. Washegari shirin nasa ya sauya baki, wai tsohon kanel ne mai nauyin jiki. Ashe kwana biyu yaron nan zafin rana yake aunawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu awon gero a kasuwa ya san buhu guda, in an auna shi sau biyu da tiya guda, ba lallai lissafi ya zo ɗaya ba. Wani hannun yana yin tozo, wani yana shafe baki. In hannun mai awo kan yi rawar tiya ɗaya a buhu, ba ka da bakin cewa an rage maka rabin tiya. Awon gudun kanel ma yana da irin wannan rawa, kuma ita za mu bi mataki-mataki: a san girmanta, a rage ta, a hana shiri ya ɗauke ta a matsayin koma-baya.

Dalilin da ya sa aka miƙa awon ga na'ura a fili yake. Kowane mako tara zuwa goma Linus Torvalds na fitar da sabon Linux. Makonni biyun farko ƙofa a buɗe take, faci, wato gyare-gyaren da ake yi wa kanel, fiye da dubu goma ke shiga, sannan a bi da fitowar gwaji mako-mako, daga rc1 zuwa rc7 a yawancin lokuta. Ba mahaluƙin da zai auna wannan da hannu. Shi ya sa Intel ke da robonta da ake kira 0-day, mai aiki da tarin lkp-tests, Mel Gorman kuma ya gina mmtests a kamfanin SUSE. KernelCI, wanda ya koma ƙarƙashin Linux Foundation a 2019, ya fi ƙarfi wajen duba ko kanel ya haɗu kuma ya tashi a kan alluna iri-iri. Awo kuwa na kama ɓarawo na gaske: a Nuwamban 2018 Michael Larabel na shafin Phoronix ya nuna cewa kariyar STIBP, da aka saka wa Linux 4.20 saboda matsalar tsaron firosesa mai suna Spectre, ta karya gudun wasu ayyuka ƙwarai, har aka sassauta ta kafin 4.20 ya fito a Disamba. Sai dai irin waɗannan na'urori kan kawo rahoton da masu kula da kanel za su yi ta juyawa ba su ga ta inda facin da aka zarga ya taɓa aikin da aka auna ba.

Mataki na 1: Rubuta abin da za ka auna kafin ka kunna komai

Gudu iri biyu ne. Akwai yawan aikin da na'ura ke gamawa a daƙiƙa, akwai kuma jinkirin da aiki guda ke sha kafin a amsa masa, kuma sau da yawa in ɗaya ya hau ɗayan sauka yake. Da aka cire CFS, mai rabon lokacin firosesa tun Linux 2.6.23 na 2007, aka sa EEVDF a Linux 6.6 a Oktoban 2023, wasu awo sun hau wasu sun sauka. Wanda ke duban lamba guda rabin labarin ya gani.

Zaɓi kayan awo gwargwadon sashen da ya dame ka: `fio` na Jens Axboe don faifai, `netperf` ko `iperf3` don hanyar sadarwa, `hackbench` da `schbench` don mai rabon lokaci, `will-it-scale` don ganin yadda kanel ke yi in ƙwayoyin firosesa da yawa suka ruga ƙofa guda. Waɗannan duka ƙananan awo ne, kowane na matsa wuri guda har ya yi ƙara. Haɗa su da aiki na gaske ko da guda ɗaya, kamar haɗa kanel kansa ko `pgbench` a kan PostgreSQL.

Sannan ɗauki biro ka rubuta: wace lamba za ka duba, hawanta ne alheri ko saukarta, kuma kashi nawa ne zai sa ka damu. Yi wannan kafin ka ga sakamako. In ka bari sai bayan ka gani, zuciya za ta zaɓar maka lambar da ta yi daidai da abin da kake so ka samu.

Mataki na 2: Ɗaure na'urar

Kwamfutar tebur da ba ta wani aiki sai wannan, ita ce ta dace, ko da tsohuwa ce. Sabar haya a intanet ba ta dace ba, don kuna raba firosesa da maƙwabtan da ba ka gani. Kwamfutar cinya kuma halinta kan sauya da zarar ta koma kan batir, ga shi jikinta ba ya fitar da zafi da kyau.

Firosesar zamani ba ta tafiya da taki ɗaya. Tana hawa tana sauka gwargwadon aiki da zafi. Tsayar da ita:

```
cpupower frequency-set -g performance
echo 1 > /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo
echo off > /sys/devices/system/cpu/smt/control
```

Layi na biyu, mai hana firosesa hawa sama da takinta na asali, na Intel ne. A yawancin injinan AMD, sifili ake rubutawa cikin `/sys/devices/system/cpu/cpufreq/boost`. Layi na uku na kashe tagwayen zare, wato raba ƙwaya guda ga ayyuka biyu. Bayan haka kashe allon hoto da `systemctl isolate multi-user.target`, ka duba `systemctl list-timers` ka tsayar da masu farkawa da kansu tsakar dare su ce za su sabunta manhaja. In ba hanyar sadarwa kake aunawa ba, kada komai ya riƙa shiga na'urar sai umarnin gwajin.

Yanzu maganar da ta fi shafar mu nan. Waɗanda suka rubuta yawancin jagororin awo a ɗakunan sanyi suke zaune, zafi bai cika zuwa musu a rai ba. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu rana kan haura digiri 40 a inuwa. Firosesa in ta kai iyakar zafinta, ita da kanta take rage gudu don kada ta ƙone, kuma ba za ta nemi izininka ba. A injin Intel akwai wurin da take ajiye lissafin sau nawa ta yi haka:

```
cat /sys/devices/system/cpu/cpu0/thermal_throttle/core_throttle_count
```

Sa shirinka ya karanta wannan lamba kafin kowane zagayen awo da bayansa. In ta ƙaru, zubar da zagayen nan, kada ka yi masa kara. Ya kuma rubuta zafin da `sensors` ya nuna a gefen kowane sakamako, ya jira na'ura ta huce zuwa wani mizani guda kafin ya soma na gaba. Ni dai daga bayan isha'i zuwa asuba nake sakin manyan awo.

Ƙurar hunturu ma tana da nata. Tana toshe fanka a hankali, na'urar Disamba ba ita ce ta Fabrairu ba. Hure ta kafin ka soma jerin awo. In kuwa ka hure ta a tsakiya, ko ka sauya ram, ko ka sabunta BIOS, lambobin baya sun mutu, daga farko za ka ɗauko.

Wuta kuma kowa ya san halinta. Sa ondiler, amma ka sani ondiler kwamfuta kawai take riƙewa: in wuta ta ɗauke fankar ɗaki ta tsaya, zafi ya hau. Kowane zagaye ya rubuta sakamakonsa a faifai nan take da `sync`, shirin kuma ya iya ci gaba daga inda ya tsaya.

In faifai kake aunawa, sake tsara shi da `mkfs` kafin kowane zagaye, don SSD mai cike da wanda ba komai cikinsa ba gudu ɗaya suke ba. Ka kuma wanke abin da kanel ya ajiye a ram: `sync` sannan `echo 3 > /proc/sys/vm/drop_caches`.

Gargaɗi guda. Na'urar da aka ɗaure tamau haka ba ita mutane ke aiki da ita ba. In facin da kake zargi ya shafi yadda ake hawa da saukar taki ne, ko rabon aiki tsakanin tagwayen zare, to da hannunka ka kashe abin da ka zo aunawa. Irin wannan sai ka auna sau biyu, a ɗaure da kuma a sake.

Mataki na 3: Tabbatar kanel biyun abu ɗaya ya raba su

Nan ne ake yawan faɗuwa ba a sani ba. In ka ɗauki `.config`, wato fayil ɗin zaɓuɓɓukan haɗi, na tsohon kanel ka bi da shi ta `make olddefconfig`, duk sabon zaɓin da ya shigo zai ɗauki matsayin da aka yanka masa, ba tare da an tambaye ka ba. Kwatanta biyun da `scripts/diffconfig` ka karanta layi-layi. Zaɓuɓɓukan farautar kuskure irin su KASAN da PROVE_LOCKING na cin gudu sosai, in suna kunne a gefe guda kawai awonka ya tashi a banza.

Kwamfaila ɗaya, wato manhajar da ke haɗa kanel, za ta haɗa duka biyun, `cat /proc/version` zai nuna maka wadda ta yi. `cat /proc/cmdline` ya zo iri ɗaya. Sai kuma ka leƙa `/sys/devices/system/cpu/vulnerabilities/`. Tun da matsalolin tsaro na Meltdown da Spectre suka bayyana a Janairun 2018, kanel ke ta ƙara kariya, kowace da kuɗinta: KPTI a 4.15, ta Retbleed a 2022. In sabon kanel ya kunna kariyar da tsohon bai da ita, raguwar gaske ce, amma da gangan aka saye ta. Tayar da duka biyun da `mitigations=off` ka sake awo. In bambancin ya ɓace, ka san inda ya fito. Kada dai ka bar na'urar aiki ta yau da kullum a haka.

Mataki na 4: Auna kanel guda da kansa

In za ka tsallake duk matakan nan, kada ka tsallake wannan. Kafin ka kwatanta kanel A da kanel B, ba wa shirinka kanel A sau biyu, ka laƙaba wa ɗaya suna "tsoho" ɗayan "sabo", ka bar shi ya yanke hukunci. Duk bambancin da ya kawo maka rawar ma'auni ce zalla, tunda buhu guda ne. Yaron nan nawa da ya yi haka tun farko, da shirinsa ya tona wa kansa asiri a rana ɗaya.

Rawar hawa-hawa ce, kuma mutane na farko kawai suke gani. Hawa na farko, tsakanin zagaye da zagaye a tashi guda. Wannan `perf stat -r 10` zai nuna maka shi cikin sauƙi. Hawa na biyu, tsakanin tashi da tashi: duk lokacin da na'ura ta sake tashi, kanel na zama a wani adireshi dabam saboda KASLR, kariyar da ke sauya masa wuri da gangan, shafukan ram na rabuwa ta wata hanya, direbobi, wato sassan kanel masu kula da kayan na'ura, na iya farkawa da wani jeri. Sau tari wannan hawa ya fi na farko girma. Hawa na uku, tsakanin haɗi da haɗi, za mu dawo kansa a mataki na 7.

Abin da wannan ke nufi a aikace: zagaye 50 a tashi guda bai kai tashi 10 mai zagaye 5 kowanne ba, duk da cewa lissafin 50 ne. Na farko zai ba ka lambobi masu kama da juna har ka ji daɗi, amma yanayin tashi guda kawai ka sani. Don haka daga kowane tashi fitar da lamba ɗaya, ka riƙe ta a matsayin shaida guda. Zubar da zagayen farko na kowane tashi, na ɗumama jiki ne. A sauran, ɗauki ɗan tsakiya, wato lambar da ke tsakiya in an jera su daga ƙarama zuwa babba, don zagaye ɗaya da wani abu ya taka wa ƙafa na iya jan matsakaici ya bar hanya.

Wasu kan ce a kashe KASLR da `nokaslr`, a kuma rubuta sifili a `/proc/sys/kernel/randomize_va_space`, rawa ta lafa. Tana lafawa kam. Amma ka kafe kanka ne a kan zama guda daga cikin dubban zama, kuma wataƙila zaman nan ya yi wa kanel A daɗi bisa sa'a. Ni ina kashe su in ina binciken dalili, ina barin su kunne in hukunci zan yanke, in biya da yawan tashi.

Jeri ma magana ce. Kada ka gama duk na A sannan ka shiga na B, abin da ya kayar da yaron ke nan. Cakuɗa su: A, B, B, A, ko ka bar shirin ya jefa ƙuri'a kowane tashi. Ta haka zafin ɗaki da tsufan dare za su faɗa wa kowa daidai.

Daga ƙarshe, dubi lambobin da idonka, ɗaya bayan ɗaya, ko ka zana su. A ce tashi goma sun ba ka daga 980 zuwa 1020: rawarka kashi 2 cikin 100 ce sama da ƙasa, kuma duk raguwar da ba ta fita wannan da'ira ba sai ka ƙara yawan tashi kafin ka ce uffan. Amma a ce shida sun taru wajen 900, huɗu wajen 1100, babu kowa a tsakiya. Wannan awo gida biyu gare shi, matsakaicinsa lamba ce da na'urar ba ta taɓa bayarwa ba. Nemo abin da ke raba gidajen kafin ka ci gaba. Sau da yawa wurin da aikin ya sauka ne a kan firosesa ko a ram, kuma `taskset` ko `numactl` na warware shi. In ya ƙi warwaruwa, cire awon nan daga cikin masu yanke hukunci.

Mataki na 5: Koya wa shirin yaushe zai yi kuka, sannan ka jarraba shi

Sharaɗi biyu za su cika tare kafin ya yi kuka: bambancin ya wuce rawar da ka auna wa wannan awo, ya kuma kai girman da ka rubuta a mataki na 1. Kowane awo da iyakarsa. Iyaka guda ga kowa, a ce kashi 5, za ta yi wa awo mai natsuwa faɗi, ta yi wa mai rawa ƙunci. In kana son gwajin ƙididdiga, na Mann-Whitney ya fi dacewa da irin lambobin nan, don bai ɗauka cewa sun rabu sumul a gefe biyu ba.

Ga tarkon da ke cin manyan tsare-tsare. In kana da awo 200, kowanne ka yarda ya yi kukan ƙarya sau 5 cikin 100, to kowane dare ka sa ran kukan ƙarya kusan 10, ko da ba a taɓa kanel ba. Mako biyu a haka, ba wanda zai ƙara buɗe rahoton, ranar da ɓarawon gaske ya shigo kowa na barci. Maganin mai sauƙi ne: kukan farko zargi ne kawai. Shirin ya sake auna wannan awo kaɗai da sababbin tashi, sai in ya maimaitu ya sanar da mutum.

Akwai kuma kishiyarsa, raguwa mai rarrafe. Kashi 1 a kowace fitowa ba zai taɓa tada ƙararrawa ba, amma sau goma ya kusa kashi 10. Don haka bayan kwatanta na yau da na jiya, ajiye tsohon kanel guda a matsayin turke, irin su 6.1 ko 6.6 masu dogon tallafi, ka riƙa kwatantawa da shi. Shi ma turken sake auna shi za ka riƙa yi a dare guda da sabon, kada ka dogara da lambarsa ta watan jiya.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Ka ga shirinka bai kukan ƙarya, to yana jin motsin gaske? Dasa masa raguwa da hannunka. Saka ɗan `ndelay()`, mai jawo jinkiri, a hanyar wani kiran kanel da awon ke bi, ko a tsohuwar firosesar Intel da Meltdown ya shafa ka kwatanta `pti=on` da `nopti`, wato kariyar KPTI a kunne da a kashe. Yi ta rage girman abin da ka dasa har ya daina gani. Inda ya makance, nan ne iyakar idonsa, kuma duk ranar da ya ce maka "lafiya lau", abin da yake nufi shi ne babu raguwar da ta wuce wannan iyaka.

Mataki na 6: Farautar facin da ya jawo

`git bisect` na raba jerin facin da suka shiga tsakanin kanel biyun gida biyu, ya ba ka na tsakiya ka gwada, ya sake rabawa. Faci dubu goma sha wani abu, tambaya kusan 14 ta ishe shi.

```
git bisect start --term-old=sauri --term-new=nauyi
git bisect nauyi v6.6
git bisect sauri v6.5
```

Sai dai shi bai san shakka ba. Duk amsar da ka ba shi gaskiya ce a wurinsa, kuma amsa ɗaya ta kuskure ta isa ta kai shi wata unguwa, inda zai nuna maka marar laifi da cikakken ƙarfin zuciya. Yi lissafin: in kowace amsa na da yiwuwar kuskure kashi 5 cikin 100, yiwuwar duka 14 su zo daidai ba ta kai rabi ba, kusan kashi 49 ce. In ka sauko da kuskuren zuwa kashi 1, ta hau kusan 87. Daga nan ne yawancin rahotannin da ke zargin facin da bai ji ba bai gani ba suke fitowa.

Saboda haka kada ka soma farauta sai tazarar da ke tsakanin mai sauri da mai nauyi ta ninka rawar sau da yawa. Sa iyaka a tsakiyarsu, ka bar fili a gefenta biyu. Sakamakon da ya faɗa cikin filin, ƙara masa tashi har ya fita. Wanda ya ƙi haɗuwa ko ya ƙi tashi, `git bisect skip`. In da `git bisect run` kake aiki, lambar fita 125 ita ce tsallake. Ajiye ainihin lambar kowane mataki tare da `git bisect log`. In ka ga lambobin na gangarowa a hankali maimakon su yi tsalle guda, faci fiye da ɗaya ne suka haɗu, farauta guda ba za ta kamo su ba.

Tunda kowane mataki sai an sake tayar da na'ura, kwamfuta biyu kake buƙata: mai ba da umarni da mai shan gwaji. Tsohuwar kwamfutar cinya ta isa ta farko. `ktest.pl` na Steven Rostedt, da ke cikin `tools/testing/ktest`, an yi shi ne don wannan. Yi amfani da `grub-reboot` don kanel ɗin gwaji ya tashi sau ɗaya kawai, ka ƙara `panic=10` don in ya faɗi na'ura ta koma kan lafiyayye da kanta. `make localmodconfig` da `ccache` za su rage maka lokacin haɗi nesa ba kusa ba. Tarihin Linux kuwa gigabait ne masu yawa, kuma `git clone` in ya yanke daga farko yake komawa. Kafin forfenka ya ƙare a banza, sauko da fayil ɗin `clone.bundle` da kernel.org ke bayarwa ta `wget -c`, wanda ke ci gaba daga inda ya tsaya.

In an nuna maka faci, shari'a ba ta ƙare ba. Auna shi da wanda ke gabansa kai tsaye, da cikakken yawan tashi. Sannan cire shi daga kan sabon kanel da `git revert` ka ga ko gudun ya dawo. Sai ya faɗi a duka biyun za ka kira sunansa.

Mataki na 7: Tambayi dalili

Ruwa ba ya tsami banza, amma wani lokaci abin da ya tsamar da shi ba wanda ka kama ba ne. Faci a direban sauti na iya motsa awon faifai, ya kuma maimaitu sau ɗari. Yadda abin yake: firosesa na ɗauko bayani daga ram a yanka-yanka na bait 64 zuwa rumbunta na kusa. Facin da ya ƙara ƴan bait a wani wuri na tura duk abin da ke bayansa gaba, sai wani aiki mai zafi da da yake zaune cikin yanka guda ya raba ƙafa a biyu. Ko kuma wasu bayanai biyu da ƙwayoyi dabam-dabam ke rubutawa su tsinci kansu a yanka ɗaya, ƙwayoyin su yi ta fizgar sa a tsakaninsu. Tun 2009 Todd Mytkowicz da abokan aikinsa suka nuna cewa jerin da aka bi wajen ɗinke shiri, har ma da girman bayanan muhallin da aka tashe shi da su, na iya juya sakamakon awo. Wannan ne hawa na uku na rawar.

Kanel na da zaɓi musamman don gane haka, `CONFIG_DEBUG_FORCE_FUNCTION_ALIGN_64B`, mai tilasta kowane aiki ya soma a bakin yanka. Kunna shi a duka biyun ka sake awo. In bambancin ya narke, zaman kaya ne ya motsa, kuma faci na gaba na iya mayar da shi ba da saninsa ba. Don fizgar yanka tsakanin ƙwayoyi, `perf c2c` ne ke nuna wurin. A sauran lokuta, `perf record` a kan kowane kanel sannan `perf diff` zai gaya maka aikin da lokacin ya koma. In `perf stat` ya nuna yawan umarnin da aka zartar ya ƙaru, kanel na yin ƙarin aiki ne da gaske. In yawan umarni na nan amma lokaci ya ƙaru, dubi rumbun kusa da makullai.

Mataki na 8: Kai ƙara

Karanta `Documentation/admin-guide/reporting-regressions.rst` tukuna. Ƙa'idar Linux ita ce kada sabon kanel ya ɓata wa mai amfani abin da ke yi masa aiki, kuma raguwar gudu na ciki, amma takardar ta faɗa ƙarara cewa raguwar kashi 5 a ƙaramin awo da wuya a lissafa ta, sai in ta taɓa babban awo da fiye da kashi 1. Amfanin aikin gasken da ka haɗa a mataki na 1 ke nan.

`scripts/get_maintainer.pl` zai ba ka waɗanda za ka rubuta wa, ka haɗa da wanda ya rubuta facin. Layin `#regzbot introduced:` tare da lambar facin zai sa tsarin bin sawu na Thorsten Leemhuis ya riƙe maganar. A cikin saƙon sa samfurin firosesa da yawan ram, `.config`, kwamfaila, ainihin umarnin awo yadda wani zai kwafa ya maimaita, lambobin kowane tashi na ɓangarorin biyu, sakamakon auna kanel guda da kansa, abin da `git revert` ya nuna, da `perf diff`. Ingilishinka ko na makaranta ne ba komai, lambobin ake karantawa. Faɗi zafin da firosesa ta kai, ka kuma ce lissafin rage gudunta bai motsa ba, don wanda ya ji daga inda kake rubutowa zai iya tambaya.

Bayan ka aika, kada ka taɓa na'urar. Kada ka sabunta ta, kada ka ba wani aro ya buga takardu. Mai yiwuwa cikin kwana biyu a turo maka facin gyara a ce ka gwada, wataƙila kuma naka injin ne kaɗai ke nuna matsalar.